Tokar da Ta Ci Ƙarfe

Wata Asabar ce a kakar shekarar 2011, ganyen bishiyoyin layinmu a unguwar Stapleton ya yi ja ya zube, sai ga babbar mota ta shigo da baya har tsakar gidanmu, ɗauke da wani koren ɗakin ƙarfe mai bututu a ka. Ina da shekara goma, ina leƙe ta taga da littafin soyayya na Mama ɓoye cikin hijabi. Baba na tsaye da hular sanyi yana ba direba hannu, bakinsa har kunne. Boila ce, tukunyar ɗumama gida, ya sayo tsohuwa wurin wani manomi da ya taɓa ɗauka a tasinsa. A waje ake cusa mata itace, ruwan cikinta ya yi zafi, ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa ya zagaye ɗakuna. Baba ya shafa ƙofarta ya ce, "Rabi, ke da sanyi kun yi sallama. In an kula da wannan, sai ta ga jikokinmu." Mama ta riƙe haɓa tana dariya. "Malam, mun baro murhu a Maraɗi, shi ne ka biyo mu da shi har Amurka?"

Kulawar kuwa ba ƙarama ba ce. Masu sare bishiyoyin unguwa kan zubar mana da kututture, Baba ya faskara, ni da ƙanwata Hauwa mu jera a jikin katanga su sha iska, domin ɗanyen itace yana shafe bututu da baƙar kwalta. Kafin mu tafi makaranta sai mun kwashe toka da shebur, mun duba ko ruwa ya ragu. 'Yan ajinmu kan toshe hanci su tambaye ni ko gidanmu ne ya ƙone. Duk da haka muna da namu daɗin. Mukan binne dankali cikin garwashi, mu dunƙula ƙanƙara mu jefi ƙofar mai zafi don mu ji tsuwwarta. Mama kan ɗebi tokar ta tace, ta zuba ruwan a miyar kuɓewa. Ni kuwa, da kaina cike da labaran samari masu ratsa ruwan sama saboda masoyiya, duk asubar da na ga Baba ya fita cikin ƙanƙara da rungumen itace sai zuciyata ta narke. Na yi imani don Mama yake yi, don kada tafin ƙafarta ya taka ƙasa mai sanyi.

Da sanyin shekara ta biyu ya fara ja baya, aka bugo waya cewa kakanmu ya rasu. Baba ya tafi Maraɗi a gurguje, da wuta a cikin boila. Abin da ya ce a bakin ƙofa kawai shi ne, "A kashe ta." Mama ta yi yadda uwarta ta koya mata, ba a barin garwashi a gidan da yara suke. Ta sheƙa masa ruwa bokiti bayan bokiti har ya daina huci, ta rufe ƙofar gam. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ita wannan wutar barinta ake yi ta mutu da kanta, a kwashe tokar a bushe, a shafa wa ƙarfen mai. Baba ya tsaya rabon gona har ƙarshen damina. Ranar da ya dawo ya buɗe, tokar ta daskare kamar siminti, ƙarƙashinta tsatsa ta rarake ƙarfen, ruwa na tsiyaya.

A gabanmu ya yi mata faɗan. "Ke da kika san toka da ruwa na narkar da kuɓewa a tukunya, ba ki san za su ci ƙarfe ba?" Mama ta ce, "Cewa ka yi a kashe, Malam, na kashe." Daga nan ya ɗauke mata magana. In yana son shayi, ni yake aika.

Hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani. Muka tattare a ɗaki ɗaya da 'yar hitar lantarki guda, Hauwa na tari, hannun Mama duk ya tsattsage. Sai aka samo mata aikin jinyar wata tsohuwa a Bronx, can ɗaya gefen birni, kwana da wuni. Ranar tafiyarta ta tsaya a tsakar gida da jaka a kafaɗa, Baba kuwa rabin jikinsa na cikin boila yana kankarar tsatsa. Ta ce, "Malam, in ka ce in zauna, sai in zauna." A duk littafin da na karanta, a nan ne namiji ke juyowa idonsa cike da ƙwalla. Daga cikin ƙarfen muryarsa ta fito tana kirana: "Nana, miƙo min tocila."

Na yi ta jiran ranar da zai sa babbar riga ya je biko. Kowace Lahadi sai ya shirya ya fita, ya dawo da mai walda. Faci kan faci, har boila ta koma aiki daidai lokacin da furanni suka fara fitowa. A watan ne Mama ta kama ɗaki a unguwar Mount Hope da ke Bronx ta zo ta kwashe mu. Ba wanda ya furta saki, ba wanda ya nemi sulhu.

Yau benen da muke zaune da Mama yakan yi zafi har mu buɗe taga a tsakiyar Janairu, ban kuma san ko fuskar wanda ke kunna mana ɗumin ba. Wani lokaci nakan yi kewar ƙaurin hayaƙi a hijabina. Baba na nan a Stapleton, gemunsa ya yi fari, boilarsa na ɗumama ɗakunan da ba kowa. In na je gaishe shi yakan ce, "Mamarku lafiya?" Kafin in gama amsawa ya ja ni waje ya nuna min sabon faci. Baba ya iya gyaran duk abin da ya tsage, in dai ƙarfe ne.