Tsimin Zuciya na Baba Mai Saiwa

Tun yana saurayi Baba Mai Saiwa yake zaune a ɗan shagonsa na bakin tasha, tsakanin mai faci da mai aski. Kwalabe jere a kan kanta, ƙullin saiwoyi rataye a ƙusa. Abin da ya fito da shi kuwa shi ne tsimin zuciya da ya gada wurin mahaifinsa. Duk wanda ya zo da haki ko faɗuwar gaba sai ya tsiyaya masa ya ce, "Sha da ɗumi, ka kuma rage yi wa iyali faɗa."

Wata rana babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce likitocin asibitinsu suna gwada magungunan gargajiya, suna son tsiminsa.

"Su gwada mana," in ji shi. "Ai sun ma makara."

Aka raba marasa lafiya kashi biyu, kowa yana kan maganinsa na asibiti. Wasu aka ƙara musu tsimin, wasu ruwa mai launinsa, ba wanda ya san abin da yake sha. Bayan watanni likitar da ke jagorantar aikin ta zo shagon da kanta, ta zauna a kan benci.

"Baba, ba mu ga ya cutar da kowa ba. Sai dai bai fi ruwan nan ba."

"To, masu dawowa suna yi mini godiya fa?"

"Masu shan ruwan ma sun yi godiya, Baba."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya raka ta har bakin titi. Daga nan ya garƙame shagon ya kwanta a gida, abinci ma sai matarsa ta matsa. Ba zubewar suna ce ta dame shi ba. Mutanen da suka daina zuwa yake tunawa, waɗanda a da ya ɗauka warkewa suka yi.

Ana nan sai ga mai aski, abokinsa na ƙuruciya, ya biyo shi gida, ƙafafu a kumbure, jiki zafi rau.

"Tashi ka zuba min tsimin nan, tsoho."

"Babu."

"Kai da kwalabe cike?"

"Na ce babu. Sa takalminka."

Mai aski ya yi ta mita har cikin mota. A asibiti aka gano ƙwayar cuta ce ta bi jini daga ruɓaɓɓen haƙori ta kama zuciyarsa. Ya daɗe a kwance ana yi masa allurai. Kullum Baba yana gefen gado yana tsokanarsa da cewa mai gyaran kan mutane ya kasa gyara bakinsa.

Mai aski ya tashi, ko da yake hannunsa ya rage sauri. Baba ma ya buɗe shago, yana sayar da maganin tari da na shafawa. In mai haki ya zo, sai ya ba shi benci ya huta, sannan ya kira 'yarsa a waya ya tambaya wace rana likitan zuciya ke zama.