Rumfar da Madam Ta Ce Sai Ta Yi Yoyo

A duk shekarun da na yi ina aikin gidajen ma'aikata a nan Damagaram, akwai rana guda da har yau ba ta fita kaina ba, ranar da na kusa rasa aiki saboda rumfa ta yi kyau. Shugabar ƙungiyarmu ta masu aikin gida ta ce mu tsofaffin hannu kowa ta rubuto abu ɗaya don ƙannenmu masu shigowa, to ni wannan ne nawa.

Sunana Rabi. Lokacin ina da 'ya'ya biyar, uku suna lekol, wato makarantar boko, mai gidana tela ne amma idonsa ya fara gajiya da zare. Aka samo mini aikin girki da shara a gidan wata Baturiya mai suna Rashel, wadda muka mayar Madam Rahila don bakinmu ya huta. Tana aiki a wani furoje, shirin taimako na bankin cimaka, wato rumbun gari da ake tara hatsi da kaka a sayar wa mutane da sauƙi in damina ta yi tsakiya. Ƙauyukan Takieta da Garagumsa take zagayawa. Tsarin gidajen nan kun san shi: wata uku na gwaji, in an gamsu da ke a sa hannu a takarda ki zama ma'aikaciya, in ba a gamsu ba a yi miki godiya mai yawa a raka ki ƙofa.

Madam Bayahudiya ce. Da na faɗa a gida, ƙanwar mai gidana ta tambaye ni ko tana cin abinci da baki kamar kowa. Na ce tana ci, har ta fi ni tsantseni, alade ko sunansa ba ta so, kuma nama da nono ba sa haɗuwa a tukunyarta. Hausa ta koya da kyau, sai dai tana taka ta a hankali kamar mai tsallake kwata.

Duk Juma'a da hantsi muna kwaɓa wani burodi da ake yi wa kitso. A nan take gaya mini karatun sati. Su sun raba Attaura kashi-kashi, kowane sati da nasa, shekara na zagayowa sun sauke. Ita kuma ba ta barin karatu ya tsaya a takarda, sai ta nemo inda ya taɓa aikinta. Wani sati ta ce an karanta labarin wasu 'yan mata da ubansu ya rasu ba ɗa namiji, suka je gaban Annabi Musa, alaihissalam, suka nemi gonarsa, aka ba su. Ta ce tun safe matan Garagumsa take tunani, masu noma gonar da ba tasu ba. Wani satin kuma aka ce wanda ya manta damin hatsi a gona kada ya koma ɗauka, rabon matalauci ne. Na ce mata a garinmu Dakusa wannan umarni ba ya wahalar da kowa, kafin mai dami ya tuna an riga an taimaka masa ya samu ladan. Ta yi dariya har gari ya shiga hancinta.

Sai Asabar. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ta Asabar Madam ba ta kunna wuta, ba ta taɓa kuran, wato lantarki, ba ta rubutu, ba ta shiga mota. Kuma ba ta iya ce miki ki yi mata. Sai dai ta tsaya tsakar ɗaki ta ce, ita da bango, yau fa akwai zafi. Satin farko na ce ƙwarai kuwa, Allah ya kawo sauƙi, na ci gaba da shara. Lawali mai gadin gidan ne ya ja ni gefe ya ce fanka ake nufi. Daga nan na koyi sauraren abin da ke bayan maganarta, har na fara jin kaina gwana. Ku riƙe wannan, domin gwanintar nan ce ta kai ni.

Watana na uku ya zo daidai ƙarshen damina, an fara yankan gero. Madam ta kira ni tsakar gida ta ce idinsu na bukkoki ya kusa, Sukot suke ce masa. Kakanninsu da suka fito daga Masar sun yi shekara arba'in a jeji ba gida, don haka kowace shekara sai su yi bukka su ci abinci a ciki kwana bakwai. Ta zana kusurwa huɗu da ƙafarta a fili fetal, inda rana ke dukan ƙasa tun safe. Ta ce bango na zana, rufi na kara kawai, a yi shi shara-shara yadda mutum zai ɗaga kai ya ga sama, in an yi ruwa ya shigo. Za ta Takieta kwana biyu, ta dawo da la'asar ɗin jajibiri. Rana na faɗuwa idi ya shiga, ba a ƙara ɗaura ko igiya ɗaya, kuma ta gayyato baƙi. Takardata ma, ta ce, a satin nan za mu yi maganarta.

Na ji ta sarai, ba abin da ya ɓace mini. Amma na ce a raina wannan irin ta Asabar ce. Mace mai kunya ba za ta ce a yi mata rumfa mai tsada ba, sai ta ce a yi shara-shara. Wace uwar gida ce za ta tara baƙi a ƙarƙashin rufin da ke yoyo, ga bishiyar bedi, wato dogon yaro, can gefe tana zubar da inuwa a banza?

Na aika Dakusa aka kira mini Kawu Manzo, wan mahaifiyata. Shi kam rumfa ce sunansa. A kasuwannin yankinmu in aka ce rumfar Manzo ce, mai kaya yana barin gishirinsa a ciki ya tafi gida ko hadari ya haɗo. Na gaya masa abin da Madam ta ce da abin da ni na fahimta. Ya dubi zanen ƙafarta, ya dubi bedi, ya ce Bature da ilimi amma bai san inda inuwa take ba. Lawali ya goyi bayanmu. Kawu ya kafa dirkokinsa a gindin bedi, ya jera kara a matse, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri, ya baibaye da shuci hawa biyu. Da ya gama ya sa Lawali ya hau ya juye bokiti guda a kai, ko ɗigo bai sauko ba. Na shimfiɗa tabarmi ina ganin takardata kamar an riga an sa hannu.

Madam ta dawo bayan la'asar, ƙura har gira. Ta gaida Kawu da ladabi, ta shiga rumfar, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta fito ta dubi bishiyar. Ta ce aiki ya yi kyau ƙwarai, ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma a addininsu wannan ba bukka ba ce. Ba a yin ta ƙarƙashin itace, ba a sa mata abin da zai tare ruwa. In ta zauna a nan, daidai yake da ta zauna a falo. Ba ta ɗaga murya ba, ta tambayi wa ya canza wurin.

Lawali ya matso ya raɗa mini in ce tsoho ne, ai gobe zai koma ƙauye, ba abin da za a yi masa. Na tuna kuɗin littattafan yara, na tuna idon mai gidana, gaskiya bakina ya so ya bi Lawali. Amma Kawu yana tsaye da wuƙar aikinsa a hannu, ya bar yankan geronsa ya zo don ni. Na ce, "Madam, ni ce. Na ji abin da kika ce, na ɗauka kara da kawaici kike yi mana." Ta dube ni, ta dubi rana da ta fara yin ja, ta ce za mu yi magana daga baya, yanzu lokaci ya ƙure.

Sai ga babbar matsalar, Kawu ya ce shi ba zai taɓa ba. Ya zauna kan turmi ya ce shekara da shekaru yana rufe sama, yau ba zai buɗe ta da hannunsa ba. In mutumin Dakusa ya leƙo ya ga rufi kamar rariya aka ce Manzo ya yi, da wane ido zai shiga kasuwa? Na durƙusa kusa da shi na maimaita masa labarin jeji da shekara arba'in. Ya ce Allah ya ji ƙan mutanen Annabi Musa, amma su ba su da maginin rumfa ne shi ya sa, ita tana da shi. Da na ƙara bayani ya ce, "Ashe bukkar gona take so. Ɗiyar nan, bukkar gona kika taso ni daga Dakusa in yi?"

Ni ba mai gardama ba ce, 'ya'ya biyar sun koya mini cewa mai taurin kai ba a tura shi ta gaba. Na koma wurin Madam na tambayi ƙa'idar rufin dalla-dalla. Ta ce dole inuwa ta fi rana yawa a ƙasa, amma dole a ga sama, dole ruwa ya iya shiga, kuma kada iska ta kwashe shi. Na dawo na jera wa Kawu, na ƙara da ɗan gishirina, Allah ya yafe mini. Na ce Madam ta ce kada ya damu, wannan rufi da wuya, ko a ƙasarsu ba kowa ke iya shi ba, za ta ba baƙinta haƙuri. Ya ɗago kai. Ya tambaya, inuwa ta fi rana, kuma a ga sama? Na ce haka ta ce. Ya miƙe ya ce wa Lawali ya kira masu shan shayi na ƙofar gida.

Ban taɓa ganin an rushe abu mai kyau da sauri haka ba. Aka yaye shuci, aka naɗe leda, aka tumɓuke dirkoki aka kai kan zanen ƙafar Madam. Kawu ya hau yana jera kara ɗaya-ɗaya, yana leƙa ƙasa yana auna inuwa, yana gunaguni cewa ko akuya aka ɗaure a nan sai ta kai ƙara. Madam tana ƙasa tana cewa a ƙara, a rage. Ya ɗaure igiyar ƙarshe ladan yana gyaran murya. Sharaɗinsa ɗaya, kada a faɗa wa kowa shi ya yi.

Bayan magariba baƙi suka zo, abokan aikinta ne, Musulmi da Kirista. Madam ta yi addu'arta da harshensu, ta gutsura burodi, abu na farko da ta faɗa kuwa shi ne a gode wa Malam Manzo na Dakusa da ya yi wannan rufi. Kawu yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kazar mutane.

Al'adarta ce ta ce wani abu kan ma'anar idi. Ina zuba miya na ji sunana. Ta ce duk hanya daga Takieta tana neman abin da za ta faɗa ba ta samu ba, sai da ta iso gida ta tarar Rabi ta shirya mata. Ta ba da labarin rumfar tun daga farko, aka yi ta dariya, ni na ci gaba da zuba miya. Sannan ta ce a wani ƙauye mata sun ce a gina musu bankin cimaka a tsakiyar gari, ita ta ga bakin hanya ya fi, mota za ta sauke kaya ba wahala, ta gina a can. Gini mai kyau, ba ya yoyo. Yanzu hatsi na ciki, matan ba sa zuwa, don ba mai son ta ratsa gaban mazan da ke zaune bakin hanya da ƙwarya a ka, kowa ya san rumbun mijinta ya ƙare. Ta ce ita ma ta ji su sarai a lokacin, ta ɗauka ta fi su sanin abin da suke so. Wani mai gilashi daga ofishinsu ya shiga duban karan rufi.

Na koma kicin ban san matsayina ba. An yi tafsiri da ni a gaban baƙi, amma tafsiri ba takarda ba ne. Kwana biyun farko na idin kuma Madam ba ta riƙe alƙalami. Na yi ta kai abinci bukka ina kwashe kwanuka, ina duban fuskarta, ita kuma tana ta yaba miya. Mai gidana ya tambaye ni sau uku, na ce a bari Yahudawa su gama salla.

Rana ta uku da safe ta kira ni cikin bukkar, takarda na kan tabarma. Ta miƙo tawadar dangwale, na ce a ba ni alƙalami, na yi yaƙi da jahilci. Na karanta a hankali, layi-layi, ba ta gaggauta ni ba. Da na sa sunana ta ce ledar da rumfar ba su dame ta ba kamar yadda za ta damu da na ɗora wa tsoho. Ta roƙi abu ɗaya, in ta faɗi abin da bai shiga kaina ba, in tambaye ta dalili kafin in gyara mata. Na ce to, ita ma ranar Asabar ta riƙa tausaya wa mutane, ta fito fili ta faɗi abin da take so. Ta ce wannan kam ba daga ita ba ne. Shekara huɗu na yi a gidan, har aikinta ya ƙare ta koma ƙasarsu.

Ƙannena, aikinmu aikin shiga gidan mutane ne, kowane gida da abin da ya ɗauka da girma, wani za ki gane shi, wani sai ki ga kamar taɓin hankali. Mu masu aiki mun iya karanta fuska, da shi muke ci, amma wannan iyawar ce ke sa mu fara jin mun fi mai magana sanin bakinsa. Manyan ma haka suke yi wa na ƙasa, sai dai su ba a korarsu. In kin yi kuskure ki ɗauki kayanki da kanki, kada ki nemi tsohon da za ki aza wa. In kuma uwar gida ta ce rumfa mai yoyo take so, ki tambaye ta sau ɗaya cikin ladabi. In ta maimaita, ki ba ta yoyonta.