Gidan Takardar Tsoho Lok

Lok Kam-chuen, mai gyaran laima a wani lungu na Hong Kong, bai taɓa ganin ubansa ba. Abin da ya gada lambar soja ce a jikin ɗan ƙarfe, da labarin cewa tsohon ya faɗi yana yi wa Ingila yaƙi da Japanawa. Kowace shekara ranar sharar kaburbura, bisa al'adar mutanen garin, yakan ƙona masa gidan takarda, kada mamaci ya rasa makwanci a lahira. Uwarsu ta tsufa ta mutu ba ta sake aure ba.

Da ya haura sittin, sai ya aika da lambar zuwa ma'ajiyar takardun soja, yana neman kabarin jarumin. Bayan wata bakwai amsa ta iso. Mai wannan lamba ko ƙwarzane bai samu ba. An sallame shi lafiya, ya yi aure a Liverpool, ya mutu da furfurarsa cikin jikoki.

Yayarsa Siu-ngan ta gama ji, ta ja tsaki.

"Kai dai wawa ne, Kam-chuen. Shekara arba'in kana gina masa na takarda, shi yana shan ɗumi a na bulo. Wa ya aike ka tono?"