Ranar da Zenaide Ta Tare Ƙofar Garke

Duk wanda ya ce muku Zenaide Bortolin mai sanyin hali ce, to bai taɓa taka ƙauyenmu na bayan garin Ipumirim ba. Tun tana ƙarama take bin ubanta da bokitin dusa. Ta auri Adelmo, nan ma aladu ta tarar. Kamfani ke kawo 'ya'yan da abincinsu, ita ta yi wahala, Adelmo ya yi bayani, har mota ta zo ɗauka.

Sau biyu a jere tari ya shiga garkenta. Dandaƙaƙƙun mazan nan da ke ture matan daga kwamin abinci, masu saurin ƙiba, su suka fara zubewa suna nishi. Matan suka rame, amma suna tsaye. Zenaide ta ce wannan ba labari ba ne, haka Adelmo yake in mura ta kama shi. Sai dai sikeli ba ya jin raha. Mutumin kamfani ya ce in rukunin aladu na ukun ma bai yi nauyi ba, ba za su ƙara kawo mata ko jela ba.

To, mazanmu suna da wata al'ada. Ranar Lahadi in an taso daga coci, sai su canza takalma su bi gida-gida da ƙoƙon shayin ganye, suna leƙa aladun juna, suna mammatsa cinyoyi, kowa na yabon nasa. Hana mutum ganin aladunka kuwa daidai yake da ce masa ɓarawo.

Lahadin nan sai ga yayanta Olívio a gaba, wanda garkensa ke tari tun daga titi ana ji, mutum biyar a bayansa. Suka iske Zenaide ta kafa kujera a bakin ƙofa.

"Yaya, ga tuwon masara can a ɗaki, ku je ku ci. Nan dai babu shiga."

"Ke Zena, ni? Ni da na goya ki?"

"Ka goya ni, na gode. Takalman nan naka ba su goya ni ba. Dubi abin da ke jikinsu."

"Adelmo, kana ji matarka?"

Adelmo ya dubi sama, wai ko za a yi ruwa.

"Bar shi, Yaya," in ji ta. "Shi ma yau daga taga zai gai da aladun, tunda jiya a naka garken ya yini."

Aka kwashe da dariya, ban da Olívio. Ya juya, sauran suka bi shi. Wata huɗu ba mai zama kusa da ita a coci, matan ƙauyen ma suka daina aiko mata cuku. Ita ko a jikinta. Ta raba mazan aladun da matan, kowa da kwaminsa, wanda ya yi atishawa ta ware shi, ta ajiye takalmin roba guda da ba ya fita ko'ina.

Da mota ta zo, sikeli ya nuna sun tsallake, da ƙyar, ba wani abin kaɗa ganga ba. Bayan an wanke garke aka sauke mata sababbin 'ya'ya, suna ta tsuwa. Olívio ya tsaya can a bakin titi da hannu a aljihu, bai gaishe ta ba.

"Daga nan ma ana gani sarai, Yaya!" ta ɗaga masa murya. "In ka ƙirga su, ka faɗa wa Adelmo, shi ma bai shiga ba tukuna."