Ranar da Mai Gadi Ya Kira Ni Kyaftin a Gaban Mahaifina

Ina ɗan shekara ashirin na sauka Alƙahira, dogo ne ni har sai na sunkuya nake shiga zaurenmu a Zariya. Tallafin karatu ne ya kawo ni in karanta Shari'a. Mahaifina malamin zaure ne, burinsa ɗaya a duniya ya ga shahadar Masar, wato takardar digiri, da sunan ɗansa a jiki. Ranar da zan taho da hannunsa ya kafa ƙusa a bangon zaure, ya ce nan za a rataye ta. Ƙwallon kwando kuwa tun a gida nake bugawa, shi dai wasan yara ya ɗauke ta, yakan ce amfanin tsawona bai wuce sauko masa da littafi daga saman kanta ba. Don Allah a sakaya sunana, don har yanzu kunyar abin ba ta sake ni ba.

Ban cika wata uku ba aka saka ni a ƙungiyar jami'a. Na iya, ba cika baki ba. Mai gadin ƙofar tsangayarmu, wani dattijo mai son wasa, shi ya fara kirana kyaftin, kullum sai ya tare ni ya ji yadda muka kwashe. Karatun ma ban yi wasa da shi ba, shekara uku ina hayewa lafiya lau. Saura shekara ɗaya tal in gama, bayan wata gasa tsakanin jami'o'i, wani dillalin 'yan wasa ya ja ni gidan shayi a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Ya ce akwai kulob da ke so na, da albashi, da ɗaki nawa ni kaɗai a unguwar Hadayek el-Maadi. Ya ce ƙafa tana tsufa, littafi kuwa ba ya gudu. Matsala ɗaya ce, iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, ta ɗalibi ce, ba ta halatta aiki. Sai in je ofishin ɗalibai in janye fayil ɗina, su kuma su fitar mini da ta aiki.

Akwai wani babban yaya a masaukinmu, ɗan Sakkwato mai digiri na biyu, shi ke riƙe da mu kamar ƙannensa. Ya zaunar da ni ya ce in haƙura da shekara ɗayan nan, wanda ke so na bana zai so ni baɗi. In kuwa na matsu, kada in taɓa fayil, in rubuta takardar uzuri a dakatar mini da shekarar, in komo in tarar da gurbina. Ya ce fayil in ya fita, tallafi ya tafi ke nan, ba a mayarwa. Kun san me na ce masa? Ni da bakina na ce baƙin ciki yake yi da ni. Bawan Allah sai ya ce Allah ya sa alheri. Ranar da na je janye fayil ɗin, matar ofishin ma sau biyu tana tambayata ko mahaifina ya sani, na ce mata tamam, ya sani. Ƙaryar farko ke nan.

Kakar wasa ɗaya na buga, kuma na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Iƙamar aiki dai kullum sai a ce gobe. Ana cikin haka aka canza mai horarwa. Gurbin baƙi a kulob kaɗan ne, sabon ya zo da nasa mutumin wanda ya fi ni tsawo da ƙwarewa, aka ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, aka sallame ni. Dillali ya daina ɗaga waya. Na koma ofishin ɗalibai neman gurbina, matar nan ta dube ni da tausayi ta ce khalas, magana ta ƙare, an ba wani gurbin. Na tattara na koma unguwar Arba wa Nus, mu huɗu a ɗaki da wasu 'yan Sudan, ina yi wa marasa lafiya 'yan ƙasarmu da ke zuwa asibiti tafinta. Duk Juma'a Baba zai kira ya tambayi karatu, ni kuma in jero masa sunayen littattafai. Da lokacin gamawa ya wuce, na ce shahada ce ke jiran hatimi.

Rana dubu ta ɓarawo. Yanar ido ta rufe wa Baba gani, 'yan'uwa suka ce a kawo shi Masar tunda ɗansa na can. Aka yi aiki, aka dace. Ranar da aka cire masa bandeji ya ce abin da yake so ya fara gani da sabon idonsa shi ne inda nake karatu. Na kawo zafin rana, na kawo umarnin likita, ya ce ko daga bakin ƙofa ne. Ya sa farar babbar rigarsa muka tafi, ina ta addu'ar a ce an canza mai gadi. Ina! Yana hango ni ya taso ya rungume ni, kyaftin, kyaftin, yana tambayar ina na shiga shekara biyu tun da na kwashe fayil ɗina, ya kulob. Da Larabcin titi yake magana, da sauri, na sa rai Baba bai kama ba. Sai na ji Baba cikin Larabcinsa na littafi yana roƙonsa ya maimaita a hankali. Dattijon ya maimaita tiryan-tiryan yana murna, shi a zatonsa yabona yake, har da taya Baba murnar haihuwar ɗan wasa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, muka juya. Muka koma masauki. Da na durƙusa zan fara magana ya ɗaga mini hannu.

"Ba ƙwallon ce ta dame ni ba," ya ce. "Da ka shawarce ni, da mun yi magana. Shekara biyu ana tambayata a ƙofar masallaci ina cewa kana karatu. Ka sa na yi ƙarya da furfurata."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na daɗe ina fama kafin in daidaita takarduna in dawo gida, yanzu ina aji ɗaya a wata jami'a tare da sa'o'in ƙannena. Yayan nan ɗan Sakkwato na nemi gafararsa, ya ce ya manta, ni ne ban manta ba.

Ban ce ƙwallo laifi ce ba, akwai waɗanda suka fita da wuri suka dace. Amma ɗan'uwana ɗalibi, duk wanda ya ce ka saki abin da ke hannunka kafin ya miƙo nasa, ka tsaya ka dube shi da kyau. Ka saurari na gaba da kai. In kuma shawarar da ka yanke ba za ka iya faɗa wa mahaifinka ita ba, to ka san akwai abin da ke cikinta. Baba yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka, amma in aka tambaye shi karatuna sai ya ce a tambaye ni. Ƙusar nan tana nan a bangon zaure, bai cire ba, ni kuma har yau in na shiga sai in zauna in ba ta baya.