Wai In Sake Kukan Ladi

Jama'a, yau an ce in sake kuka!

Kun san Ladi ta unguwar Romi, wadda muka fara tuyar ƙosai tare tun masaƙun Kakuri na aiki, kafin keke mai ƙafa uku ya cika Sabon Tasha. Jiya ta rasu. Da safe na je zaman makoki. Ina hango kaskonta a jingine, kuka ya ƙwace min.

Sai ga 'yarta Rifkatu daga Abuja, wadda ba ta leƙo ba duk jinyar uwar. Ta cusa min waya a fuska. "Mama, ɗan sake kukan, wayar ba ta ɗauka ba. Juyo wajen haske."

Ni! Na ce, "Wa zai gani?" Wai mabiyanta. Na ce, "Cikinsu wa ya taɓa juya uwarki a gado? Kawo wayar in riƙe miki, ki yi naki."

Ta miƙo kuwa! Ta matse ido, ta matse, ko ɗigo!

Cikin masu tuyar nan, saura ni da Talatu ta unguwar Television. Na gaya mata, in na riga ta tafiya, ta zauna bakin ƙofa ta karɓe wayar kowa.