Falalu Mai Zobe da Tifar Hajiya

A Dutse in ka ce Malam Falalu kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Falalu Mai Zobe kuwa, kowane direban tifa zai nuna maka garejinsa. Mutumin Taura ne, ɗan manomi. Mahaifinsa ya so ya riƙe masa gonar gero, shi kuma tun tasowarsa hankalinsa na kan injin niƙan garinsu. Shekara tara ya yi a Kano yana koyon kanikancin manyan motoci. Da aka ƙirƙiro Jigawa gine-gine suka kankama a Dutse, sai ya zuba sufanoninsa a buhu, ya taho da matarsa Talatu, ya kafa rumfa a gindin wata darbejiya a hanyar Kiyawa.

Sunan nan ya samo shi ne a 1996, sanadin tifar Hajiya Safara'u, wata 'yar kasuwar hatsi daga Ringim. Tifar 'yar gwanjo ce, amma injinta na da tobo, abin nan da ke ɗura wa inji iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Direbanta Idirisu mutum ne mai fara'a, aibinsa ɗaya, ba ya son a wuce shi a hanya. Ya je an ƙara wa famfon gas wuta, an matse tobo, mota ta koma kamar ingarma. Sawu biyar ake yi na yashi a wuni, shi yana yin bakwai.

Sai dai gaskit, faifan nan da ke shimfiɗe tsakanin kan inji da bulok, wato gangar jikin injin, ya kasa ɗaukar matsin. Sau uku yana ƙonewa cikin wata biyu. Ruwan lagireto ya tafasa, salansa ta yi ta fitar da farin hayaƙi, a jawo motar zuwa rumfar Falalu. A karo na uku Hajiya da kanta ta zo.

"Malam Falalu, gaya mini gaskiya. Kayanka ne jabu, ko hannu aka sa wa motata?"

Falalu ya yi dariya. "Hajiya, hannu kam an sa, amma da sufana. Ga mai hannun nan tsaye."

Idirisu ya sosa ƙeya. "Haba Oga, ai don ci gaban Hajiya na yi."

Hajiya ta harare shi. Amma sawu bakwai ɗin nan ya yi mata daɗi ita ma. Ta ce, "To babu yadda za a yi ƙarfin ya tsaya, faifan kuma ya daina ƙonewa?"

Falalu ya ce ta ba shi mako guda. Ya tuna wani dattijo mai sassaƙar ƙarfe a Kano da ya taɓa gani yana tsaga siririn gurbi kewaye da bakin kowane ramin fistin, curin ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji, ya kwantar da waya a ciki. In aka ɗaure kan inji, wayar nan sai ta ciji gaskit ta riƙe shi, wuta ba ta samun hanyar kuɓuta. Dattijon yana da inji na musamman. Falalu ba shi da shi, amma yana da tsohon fistin. Ya liƙa masa hannu, ya ɗaura ɗan haƙorin ƙarfe mai kaifi a gefe, ya zura shi cikin ramin ya riƙa juyawa a hankali kamar mai tuƙa tuwo. Rami shida, kwana uku. Talatu ta ce ko wajen cin abinci hannunsa bai daina juyawa ba.

Ya samo wayar jan ƙarfe, ya lanƙwasa zobba shida, ya daddanna su da ƙaramar guduma, ya ɗaure inji. Direbobi suka taru kallo. Aka tayar, inji ya yi ƙara mai daɗi, Idirisu har ya fara taka rawa. Can sai ga ruwa yana tsattsafowa ta gefen bulok, ɗis, ɗis. Wani direba ya ce, "Oga, amaryar taka an sa mata zobe ta fashe da kuka!" Wuri ya kaure da dariya, har da Falalun.

Da ya kwance sai ya ga inda ya kuskure. Wayar ta yi tudu da yawa, ta ɗage kan injin, hanyoyin ruwa suka kasa rufuwa. Ya ƙara wa gurbin zurfi, ya riƙa aunawa da reza, har abin da ya rage na wayar a sama bai wuce kaurin rezar ba. Ya sa sabon gaskit, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, ya bar injin ya yi zafi ya huce, ya sake bin su. Wannan karon ko ɗigo babu. Suka loda yashi maƙil, Hajiya ta shiga gaba ta ce da idonta za ta gani. Suka je Kiyawa suka dawo, allurar zafi ba ta motsa ba. Da ta sauko ta ce, "Malam Falalu, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Kai kuma Idirisu, ka sake taɓa famfon nan ka ga yadda za mu kwashe."

Shekara huɗu tifar ta yi ba a buɗe kanta ba. Labari ya bi direbobi har Miga da Ringim, masu manyan motoci suka riƙa zuwa a sa musu zobe. Ba kowa yake yi wa ba. In ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bulok ya hango haske ta ƙasa, alamar bulok ɗin ya lanƙwashe, sai ya ce a kai Kano a goge tukuna, ko da mai motar zai yi fushi.

Da shari'a ta zo a 2000, mashayar da ke maƙwabtaka da rumfarsa ta rufe. Falalu ya karɓi hayar wurin, ya wanke shi tas, ya yi masa farar ƙasa, ya girka injin sassaƙar ƙarfe na gaske. Ɗan ɗakin da ke gefe ya shimfiɗa masa tabarmi, nan direbobi ke sallar azahar kafin a gama musu aiki. A shekarar ce kuma ya kai Talatu Makka. Ranar da suka dawo, tifa bakwai suka tare su tun daga bakin gari, Idirisu a gaba yana ta danna oda.